Tsohon Fayil da Waken Bakin Rafi

Jiya ɗaya daga cikinku, ba zan kama sunansa ba, ya tambaye ni me ya sa nake ta ɓata muku lokaci a kan kalma ɗaya. Ya ce ai ba wani abu ba ne, mutum ya rubuta import, ya sa sunan abin da yake so, shi ke nan abu ya zo. Ban ba shi amsa ba, don an riga an kira la'asar, kuma bayana yana ciwo. Yau ku rufe kwamfutocin nan, ku juyo da kujerunku. Batirin solar ma bai cika ba, gara mu bar shi ya huta.

Gaskiya ya faɗa, abu yana zuwa. Amma ni abin da na tsufa ina cin abinci da shi ita ce tambayar da bai yi ba: daga ina ya zo?

A Tiga na koyi aikin nan, a shagon Malam Iliyasu. Tsohon malamin lissafi ne. Iyayensa suna cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan dam ya cinye ƙauyensu. 'Yan'uwansa duk suka koma kamun kifi da noman rani, shi kaɗai ya bi boko. Shagon ɗaki ɗaya ne: kwamfuta biyu masu ƙaton ƙeya, firinta mai ƙara kamar injin niƙa, da ƙaramin janareta da sai an lallashe shi yake tashi. Abin da yake ciyar da mu buga takardu ne, katin biki, takardar jarrabawa, takardar neman aiki. Rubuta manhaja kuwa sai lokacin da babu kwastoma. Na daɗe a shagon ina share ƙura da hura allon rubutu kafin ya bar ni na zauna a kujerarsa.

Shi ya fara nuna mini harshen Python da kuke koyo yanzu. Ranar farko ya gaya mini cewa babu mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. Wani ya riga ya rubuta umarnin da ke lissafa kwanan wata, wani ya rubuta na magana da firinta, kowa ya ɗaure nasa a fayil ya sa masa suna. Masu aikin modul suke ce masa. Malam ƙunshi yake cewa, ni ma bakina ya saba da haka. In ka kira ƙunshi da sunansa, harshen ne zai je ya nemo shi, ya kwance, ya karanta shi daga sama har ƙasa, ya miƙo maka abin da ke ciki.

Ku yanzu kuna buga layi ɗaya, ƙunshi ya sauko daga intanet kafin ku gama kurɓar shayi. Mu a lokacin babu intanet a Tiga. Malam yakan hau mota ya tafi birni, ya yini a shagon intanet yana jiran layi, ya sauko da abin da muke so a faifan sidi. Ya dawo da yamma a gajiye, mu saka, sai ƙunshin ya ce shi ma akwai wani ƙunshin da yake dogara a kai, kuma ba a zo da shi ba. Sai wata tafiyar ke nan. Akwai ranar da ya sa faifan a aljihu ɗaya da makullan shago, ya iso duk ya karce. Sai ya rataye shi a ƙofa da zare, ya ce ko ba komai zai kori ƙudaje.

Wata rana yana gyaran fitila ya ce mini, "Garba, in na ce ka kira mini Musa, ina za ka fara dubawa?"

Na ce, "Cikin shagon nan, Malam."

"In babu?"

"Sai in leƙa layinmu."

"In babu?"

"Sai kasuwa."

"To in ka samu wani Musa zaune a cikin shago, za ka ƙara zuwa kasuwa ka duba ko akwai wani Musan da na fi nufi?"

Na ce a'a. Ya ce to haka harshen nan yake, kuma shi ko tambayar "wane Musa" ba ya yi. Da farko zai duba ƙwaƙwalwarsa, ko ya riga ya ɗauko ƙunshin tun ɗazu. In babu, ya duba 'yan kaɗan ɗin da aka gina a jikinsa. In babu, ya duba foldar da manhajarka take zaune a ciki. Daga nan sai wuraren da kai ka lissafa masa, in ka lissafa, sai rumbun harshen kansa, sai a ƙarshe rumbun da ake zuba ƙunshin da aka kawo daga waje. Wanda ya fara samu da wannan suna, shi ne. Ba ya duba sabo ne ko tsoho, ba ya duba wa ya rubuta. Malam bai bar ni na haddace wannan da baki kawai ba. Sai da ya sa na bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya da hannuna, ina buɗe folda ina rufewa, har na san su kamar lungunan unguwarmu.

Aikin farko da na yi da sunana na wani Alhaji ne mai sayen masara da dawa a garin Ƙofa. Yana da sikeli na zamani, yana so in an ɗora buhu kwamfuta ta karanta nauyin, ta buga ƙaramar takarda a ba manomi. Na rubuta, na kai, ya yi aiki. Bayan ɗan lokaci aka gano ƙunshin da na ware wa lissafin nauyi ba ya cire nauyin buhun kansa. Gyara ne na layi ɗaya. Na je na gyara fayil ɗin, na gwada shi a gefe, lissafi ya fita daidai, na hau babur na koma. Ban ma huta ba Alhaji ya aiko, wai abin yana nan yadda yake, in ban iya ba in faɗa. Na sake hawa babur. Da na isa na tambayi magatakardansa yaushe rabon da ya rufe manhajar. Ya ce ai shi ba ya rufe ta, tsoro yake ji kada ta ƙi tashi, tun da Alhaji ya sayi batiri kwamfutar ba ta mutu ba. To ga matsalar. Harshen sau ɗaya yake karanta ƙunshi, ya ajiye a ƙwaƙwalwa. Duk kiran da za a sake yi, na ƙwaƙwalwa yake miƙowa, ba ya komawa ya duba ko fayil ɗin ya canza. Na rufe manhajar, na buɗe, aka ɗora buhu, lissafi ya fita.

Alhaji yana tsaye a kaina. Ya ce, "Au, rufewa da buɗewa ne gyaran? Da na sani ai da magatakardan nan na sa ya yi."

Ku saba da irin wannan magana tun yanzu. Kwastoma abin da hannunka ya yi yake gani. Abin da ya sa hannun ya san inda zai taɓa ba ya ganinsa, kuma ba laifinsa ba ne.

Wata makaranta a Ba'awa ta ƙasar Ƙiru ta taɓa riƙe ni daga hantsi har rana ta yi sanyi. Manhajar haɗa sakamakon jarrabawa ce. A kwamfutata tana gudu lafiya lau. A tasu kuwa, a gaban hedimasta da malamai, sai ga jan rubutu: babu ƙunshi mai wannan suna. Na ce ba komai, na zo da shi a filas, ɗan ma'ajin fayil da ake sokawa a kwamfuta. Na saka, na sake kunnawa, jan rubutu. Na sake sakawa, kwamfuta ta ce ai yana nan tuni. Ga shi yana nan, ga shi babu. Damina ce, sabis ɗin waya sai ka hau tudun bayan makaranta ka ɗaga hannu sama. Malaman suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, hedimasta ya aiko mini da ruwan sha da dafaffiyar gyaɗa, irin ta ban-haƙuri. Ashe wani ya taɓa saka wa kwamfutar harshen, wani kuma ya zo daga baya ya saka sabon fitowa, suka zama biyu a inji ɗaya, kowanne da nasa rumbun. Ni ina zubawa a rumbun ɗaya, ɗayan ne yake tashi in an kunna manhajar, ya leƙa nasa rumbun ya ga wayam. Na dawo gida a jiƙe, babur ya sha taɓo har sarƙa.

Tun daga nan jakata ta daidaita, kuma ita ce wannan da kuke yi wa dariya. Filas biyu, kowanne da kwafin duk ƙunshin da aikina ke bukata, don ban yarda da sabis ba. Ƙaramar sukundireba. Burushin fenti na share ƙura. Doguwar wayar wuta. Modem na ko-ta-kwana, mai haɗa kwamfuta da layin waya. Rigar ruwa. Ƙaramar sifika. Ba komai a ciki mai ban sha'awa.

Kuma tun daga nan na daina jin haushin jan rubutu. Manhajar da ta tsaya ta ce ban samu ba, ta yi maka mutunci. Wadda ta samu abin da ba shi ba, ta yi shiru ta ci gaba da aiki, ita ce abar tsoro. Wannan ce ta same mu a shekarar da nake so in ba ku labari.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba tun farkonta. Malam Iliyasu ya rasu da faɗuwar damina, Allah ya jiƙansa. Masu kula da harshen kuma sun daina kula da tsohon fitowarsa, wanda a kansa na gina kusan duk aikina. Ƙunshi bayan ƙunshi suka daina yarda da shi. Na riƙa bin kwastomomi daga Bebeji har Doguwa ina roƙon su bar ni in sake ginin abin da, a ganinsu, lafiyarsa ƙalau. Wasu suka yarda. Wasu suka ce 'ya'yansu sun samo musu manhaja a waya kyauta. Shagon da na buɗe a nan Tudun Wada ya koma buga katin biki.

A cikin waɗanda suka rage mini akwai wani kwamitin manoma da makiyaya, a wani ƙauye kusa da Falgore. Aikinsu babba shi ne na kaka. In manoman wani yanki sun gama kwashe amfaninsu, sai a sanar da makiyaya cewa an saki yankin, shanu suna iya shiga su ci kara da harawar da ta rage, su bar taki. Da mai shela ake yi, da ɗan aike a kan babur, saƙo yakan makara ko ya canza a hanya. Sai suka nemi in yi musu abin da zai kira wayoyin makiyaya kai tsaye. Da yake ba kowa ke karatun boko ba, murya muka yi amfani da ita. Sakataren kwamitin, Malam Hudu, malamin firamare ne mai sanyin hali, shi muka ɗauki muryarsa yana faɗin kowane yanki: an saki wuri kaza, Allah ya ba mu zaman lafiya. In kwamiti ya yanke shawara, sai ya danna lambar yankin a laftof, manhajar ta kira mutane ta modem, ta kunna musu muryar.

Abin da ke haɗa lamba da murya na ware shi a ƙunshi guda, na sa masa suna yankuna. Da farko yanki uku ne: na ɗaya Tudu, na biyu Gindin Dutse, na uku Bakin Rafi. Daga baya kwamiti ya ga Tudu ya yi faɗi, aka raba shi gabas da yamma. Sai Gindin Dutse ya koma na uku, Bakin Rafi na huɗu. Na rubuta sabon ƙunshi, na goge tsohon. A shekarar da nake faɗa muku rumbun ajiyar laftof ɗin ya mutu, na sa sabo da hannuna, na saka harshen, na zuba sabon ƙunshin a rumbun da ya dace, na ajiye manhajar a foldarta mai sunan kwamiti. Muka gwada kowace lamba ni da Malam Hudu. Aka shiga kaka, aka saki Tudun Gabas, aka saki Tudun Yamma, ba matsala.

Wata rana bayan azahar ina share shago wayata ta yi ƙara. Malam Hudu ne.

"Malam Garba, uku na danna. Wallahi uku na danna."

Na ce ya nutsu ya gaya mini. Kwamiti ya saki Gindin Dutse, ya danna uku, allo ya ce an aika. Amma abin da makiyaya suka ji a wayoyinsu shi ne an saki Bakin Rafi. A Bakin Rafi an kwashe dawa, in ka hango daga nesa sai ka ce an gama. Amma waken da aka shuka a ƙarƙashinta yana nan, ba a tsinke ba, ba a naɗe harawa ba. Da sassafe garke ya gangaro daga bakin daji. Kafin masu gona su ankara, gonakin farko sun tafi, mafi girmansu ta wani dattijo ce, Baba Ɗanjuma, wanda a shekarar dawarsa ba ta yi ba, waken ne abin da ya sa rai a kai. Aka yi fito-na-fito. An fasa wa ɗan Baba Ɗanjuma kai, an karya hannun ƙanin Arɗon makiyayan, an sari saniya ɗaya a ƙafa sai yanka ta aka yi. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Makiyaya suka ce su ba su yi laifi ba, ga waya, kowa ya ji. Manoma suka ce sun ji, kuma sun gane muryar. Matar Malam Hudu Bafulatana ce, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa damuwa sai ranar. Kafin azahar magana ta zaga cewa an ba shi ɗan maraƙi. Aka jefi rufin gidansa. Dagaci ya aika aka ɗauko laftof ɗin ya kulle a ɗakinsa, ya ce kada kowa ya taɓa sai wanda ya yi abin ya zo.

Kafin in tashi na gwada kwafin da ke wajena. Na danna uku, muryar Malam Hudu ta ce an saki Gindin Dutse. Da wannan na hau babur, ban san abin da zan tarar ba.

Washegari da hantsi aka zauna a ƙofar gidan Dagaci, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. Manoma gefe guda, makiyaya gefe guda da sandunansu a kwance a ƙasa, don Dagaci ya ce a kwantar. Arɗo Buba, shugaban makiyayan, dogo ne siriri mai furfura, yana zaune a kan buzu. Baba Ɗanjuma yana kan tabarma a gaba. Malam Hudu shi kaɗai a tsakiya, kansa a ƙasa. Na durƙusa na yi gaisuwa.

Dagaci ya ce, "Kai ne ka ƙera abin?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"To ga shi. Mu ba mu san cikinsa ba. Ka sa ya faɗa mana gaskiya a gaban kowa."

Na cire modem ɗin don kada kira ya fita, na haɗa sifikata, na juya allon yadda na gaba za su gani. Na roƙi Dagaci ya zaɓi wanda zai danna. Ya nuna limamin garin. Liman ya matso, ya nemi uku da yatsa, ya danna. Muryar Malam Hudu ta fito tar: an saki Bakin Rafi, Allah ya ba mu zaman lafiya.

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani daga cikin manoma ya ce to ai shi ya shirya ta haka. Dagaci ya ɗaga hannu.

Akwai layi ɗaya da za ka rubuta, harshen ya gaya maka daga wane wuri ya ɗauko ƙunshi. Zan nuna muku shi, kuma ina so ya zame muku jiki. Na rubuta. Amsar da ta fito ba rumbun da na zuba sabon ƙunshin ba ce. Foldar kwamiti ce, inda manhajar take zaune. Na buɗe ta. Foldar da na bari da fayil 'yan kaɗan ta cika maƙil: hotunan suna, hotunan 'yan makaranta a layi, karatun Alƙur'ani, wasiƙun kwamiti na shekarun baya. A tsakiyarsu ga fayil mai suna yankuna. Na buɗe shi. Tsohon ne, na lokacin yanki uku, wanda na goge da hannuna tuntuni.

Na ce, "Malam Hudu, daga ina waɗannan suka zo?"

Ya ɗago. Ya ce tsohon rumbun da ya mutu ne ya kai wa wani mai gyara a kasuwa, don akwai hotunan mahaifiyarsa a ciki, ita kuma ta rasu, ba shi da wasu. Mai gyaran ya yi ƙoƙari ya ceto abin da ya cetu, ya tambaye shi inda zai zuba, shi kuma ya ce ko'ina. Sai ya zuba a foldar da ya ga sunan kwamiti a kai. Bayan an saki Tudun Yamma aka yi wannan.

Mai gyaran bai yi ɓarna ba. Duk abin da ya tarar da mai irin sunansa a foldar, bai taɓa ba. Amma irin manhajar da suke ceto da ita ba ta san abin da aka goge da gangan ba, duk abin da ta tono sai ta dawo da shi. Sabon ƙunshina kuma yana can nesa a rumbu, babu abin da zai yi karo da tsohon a nan. Harshen ya tashi neman yankuna, ya leƙa foldar da ke kusa, ya samu, ya tsaya. A wannan tsohon, uku Bakin Rafi ce.

Na yi bayani iya yadda zan iya, na ga idanu ba su gamsu ba. Sai na ce Liman ya sake matsowa. Na janye tsohon fayil ɗin zuwa filas, na rufe manhajar na buɗe, ya danna uku: an saki Gindin Dutse. Na mayar da fayil ɗin, na rufe na buɗe, ya danna uku: an saki Bakin Rafi. Wani ya ce a sake. Aka sake. Arɗo ya ce ɗaya daga cikin mutanensa ya zo ya danna da kansa. Ya zo ya danna. Muka yi ta yi, fayil ya fita, fayil ya dawo, muryar mutum ɗaya tana faɗin wuri biyu, har batiri ya fara nuna ja.

Dagaci ya ce kowa ya gani da idonsa, Malam Hudu ba shi da hannu, wanda ya sake kiran maganar maraƙi da shi zai yi. Ya ce dattawan ɓangarorin biyu za su zaga gonakin su duba ɓarnar, su duba ta saniyar da ta masu rauni, a daidaita kamar yadda aka saba. Sannan ya dube ni.

"Malam, za ka iya rantsuwa haka ba za ta sake faruwa ba?"

Na ce, "Wannan ɗin zan iya toshe shi yau, ranka ya daɗe. Zan sa manhajar ta duba inda ƙunshin ya fito kafin ta kira kowa, ta kuma faɗi sunan yankin a ji kafin a aika. Amma in rantse babu wani abin da zai taɓa faruwa, ba zan iya ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce to a koma wa mai shela da ɗan aike. Shi ɗan aike in ya yi kuskure, an san gidansu. Ba wanda ya musa, ni ma ban musa ba.

Malam Hudu ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce in kwashe masa hotunan a filas, sannan in cire muryarsa daga cikin injin gaba ɗaya. Na yi masa a nan take. A ranar ya ajiye sakatarcin.

Mutane sun fara miƙewa suna kaɗe riguna, amma Baba Ɗanjuma bai motsa ba. Ya yafuto ni da hannu, na je na durƙusa.

Ya ce, "Ɗan nan, na ji Hudu bai yi ba."

"Bai yi ba, Baba."

"Mai gyaran ma bai yi ba."

"Bai san yana yi ba, Baba."

"Kai ma ka ce ka goge."

"Na goge."

Ya dubi laftof ɗin. Ya ce, "Ni jiya ban yi barci ba. Da na yi sallar asuba na yi niyya, ko wane ne ya yi mini wannan, in ya amsa a gaban mutane, zan yafe masa don Allah, in huta. Da niyyar na zo. To yanzu wa zan yafe wa?"

Duk abin da Malam Iliyasu ya koya mini babu wannan a ciki. Waɗanda suka miƙe suka tsaya cak.

Sai Arɗo Buba ya tashi daga kan buzunsa. Ya bar sandarsa a inda take, ya tako tsakiyar fili, ya zo gaban tabarmar, ya tsuguna.

Ya ce, "Ɗanjuma, na'ura ba ta cin wake. Shanuna ne suka ci. Ni za ka yafe wa."

Baba Ɗanjuma ya dube shi. Ya miƙa hannu, Arɗo ya kama da hannu biyu.

Ya ce, "Na yafe, Arɗo. Yaya hannun ƙanin naka?"

"Da sauƙi. An ɗora. Yaya kan yaron?"

"Da sauƙi."

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Ni kuma na naɗe wayoyina, na share ƙurar sifika, na ɗaure jaka a bayan babur. Ban tsaya cin abincin da aka kawo ba, don akwai wata mata a Tudun Wada da tun shekaranjiya take jirana, firintarta ta ƙi bugawa.